An Yanke Maganata

Asabar da dare, unguwar Maamobi, 1991

Yau aka fara nuna fim ɗinmu a sinima. Tun ina saurayi nake fitowa a talabijin, kullum mai gadi, da sanda da tocila, a yi dariya in koma gefe. Wannan karon aka ba ni uban amarya, da doguwar nasiha. Har a trotro, motar haya, haddarta nake yi.

Na tafi da matata Hajara da 'yarmu Ramatu, maƙwabta ma suka biyo mu. Da fim ɗin ya zo wurin biki, ƙeyata kawai aka nuna, na wuce cikin babbar riga. Ko kalma ɗaya ba a bari ba. Kunya ta hana ni waiwayawa.

A waje darakta ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba Isaka, fim ya yi tsawo. Amma akwai mai gadi a na gaba."

Da muka iso gida Ramatu ta ce, "Baba, faɗa mana nasihar, mu za mu saurara."

Na miƙe, na gyara riga, na buɗe baki. Kuka ne ya fito.