Turkudin Kaka Delu

Litinin, 5 ga Maris 2007

Darekta Hamani ya raba aikin makon al'ada na lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa. Tun watan jiya nake roƙon a ba ni gasar karatu, har littattafai na tara cikin kwali. Ya ɗauka ya ba wani malaminmu, Mushe Sharifu, mutumin da ban taɓa ganin ya buɗe wani abu ba in ba rajistar kiran suna ba. Ni kuwa an ce in shirya 'yan mata su nuna tufafin gargajiya. Wai "ke mace ce, Madam Hanifa, kin hi mu sanin kwalliya." Haushi kamar in fashe.

Laraba, 7 ga Maris

Jummai, malamar ajin da ke jikin nawa, ta zo da mujallunta masu hotuna za ta taimake ni. Taimakon ke nan: bazara ta shigo, a bar kaya masu nauyi, a sa yadi mai shara-shara, a rage hoda don gumi, kuma wai akwai wani sabon mai da zai "buɗe" mini fata. Na ce fatata ba a rufe take ba.

Yaran sun kawo abin da suke kira na gargajiya. Leshi. Atamfa. Wata ma atamfarta hoton wayar salula ne a jiki. Na tsaya na yi musu dogon bayani, yadda baƙar fata ke saƙa da rini tun kafin Bature ya san hanyar nan, duk abin da na karanta na juye musu. Sai Nafisa, mai bakin nan ta layin gaba, ta ɗaga hannu: "Madam, to ke ina naki?"

Ba ni da shi. A Konni aka haife ni, amma a barikin jandarma na Yamai na tashi.

Asabar, 10 ga Maris

Ƙauyen Dogarawa, wurin Kaka Delu. Mota ta mutu sau biyu a hanya, an loda mini buhun albasa a ƙafa.

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai zane naɗe cikin takardar siminti. Turkudi, saƙar hannu, rinin shuni, baƙi wuluk yana walƙiya kamar an shafa masa mai. Ban taɓa ganin irinsa kusa ba. Ta ce na innarta ne. Idonta ya yi rauni yanzu, da tafin hannu take duba shi.

Ta ce, "Kin san yadda aka riƙon shi ko?"

Matan gidan duk suna tsaye bakin ƙofa suna kallon malamar lakwal. Na ce, "Haba Kaka, na sani mana."

Ta ce in maido mata shi washegarin biki, yadda ta ba ni. Na yi alkawari.

Talata, 13 ga Maris

Mun gwada wa Nafisa. Zafin nan na ƙarfe sha ɗaya, ta yi gumi, kafin a kwance shi wuyanta da hannuwanta sun koma shuɗi. Yara sun yi ta dariya. Da yamma uwarta ta zo har gida, wai me na shafa wa ɗiyarta.

Ga shi kuma yana wani wari, hayaƙi-hayaƙi, man shanu, kanumfari, tsufa dai. Jummai ta toshe hanci ta ce, "Wanga za ki kai gaban sufeton makarantu? Ki ba shi ruwa mana, ki ma hutar da tsohuwa."

Raina ya ba ni gaskiya ta faɗa. In rinin yana zuba, ai wanki ne maganinsa.

Alhamis, 15 ga Maris

Na wanke shi. Omo, ruwa uku. Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu ma haka, ina ta jin daɗi wai dauɗar shekaru ce ke fita.

Ya bushe. Babu walƙiya, babu baƙin. Wani shuɗi-shuɗi mai toka, kamar tsumman goge allo.

Juma'a, 16 ga Maris

Na shiga uku.

Asabar, 17 ga Maris

Tsohuwar da muke haya a gidanta ta gan shi a kan igiya, ta saki salati har jikokinta suka fito. "Turkudi kinka wanke? Da sabulu?" Ashe ba a wanke shi. Ko kusa. A sa shi ranar biki, a shanya a inuwa ya sha iska, a naɗe. Shunin da ke zuba a fata ma shi ne adon, da gangan ake barinsa a jiki. Kowa ya sani, in ji ta, har yaran goye.

To ni wa ya gaya mini? Shekara goma sha shida ina zaman benci, na haddace daulolin Afirka da shekarun da suka faɗi, babu littafi ɗaya da ya ce kada ki sa turkudi a ruwa.

Na gaya wa Jummai. Ta ce in gwada sitaci da dutsen guga. In bai yi ba, man takalmi. Man takalmi! Allah ya ba ni haƙuri da matar nan.

Lahadi, 18 ga Maris

Yini guda ina yawon neman marini cikin rana. Wannan ya tura ni can, wancan ya ce ai sun daina. A ƙarshe aka nuna mini wani tsoho bayan kasuwa, Malam Takama, yanzu goro yake sayarwa. Ramukan rininsu an cike su da shara.

Ya karɓa, ya ɗaga shi sama, ya dube ni yadda nake duban yaron da bai yi aikin gida ba. Ya ce walƙiyar ba daga ramin rini take ba, garin shuni ake zubawa a yi ta bugu da itace har ya shige zaren. Na ce to a sake bugawa.

"Ɗiyata, zaren ga ya tsuhwa. Bugu ukku za ya yage. Wanda ya buga wanga ya rasu tun kahin a haihi ubanki."

Na tambaye shi me zan yi. Ya ce in tafi in gaya wa mai shi. Kamar ban san da wannan ba.

Laraba, 21 ga Maris

Wajen Buzaye masu sayar da rawani na ga sabon turkudi, yana ƙyalli. Idon Kaka ba ya gani sosai. Na ɗauka, na juya, na ajiye. Na sake ɗauka. Mai kayan ya gaji da ni.

Ban saya ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, in faɗi gaskiya. Na san hannunta zai gane.

Juma'a, 23 ga Maris

An yi bikin. Nafisa ta fito da shi haka nan a kashe, ta yi tafiyarta ta iyayi, aka yi ta tafi. Sufeto ya tashi tsaye. Darekta ya riƙe lasifika yana cewa ga gadon kakanninmu na ainihi, ku dubi yadda ya tsufa. Har hoto aka ɗauka.

Babu wanda ya gane. Mutum ɗari biyu a filin nan, manya da takardunsu, babu ko ɗaya. Na yi zaton zan ji sauƙi, sai na ji kamar in ƙwace lasifikar in ce ba haka yake ba, da kun gan shi kwana goma da suka wuce.

Gasar karatun Mushe Sharifu kuwa, yara uku suka zo.

Asabar, 24 ga Maris

Dogarawa.

Duk abin da na shirya faɗa a mota ya gudu. Na durƙusa na miƙa mata, na ce, "Kaka, na yi ɓarna. Na wanke shi."

Ta warware takardar. Ta shafa shi da tafin hannu, gaba da baya. Ba ta yi zancen walƙiya ba sam, abin da na yi kwana tara ina kuka a kai. Ɗaga shi ta yi ta kai hanci. Ta shaƙa. Ta juya wani gefen ta sake shaƙa, ta bi shi lungu-lungu, har bakin da ake sokewa a ƙugu.

Ta ce, "Sabulu."

Daga baya, ba ni take kallo ba: "Ranar sunan ubanki Inna ta sa shi na ƙarshe. Da damina ta rasu. In na yi marmarinta nan nika buɗewa in ji ta."

Da ta zage ni da ya fi mini. Ta naɗe shi da kyau, ta mayar cikin takardar, ta ɗora mini a cinya. "Tahi da shi. Naki ne yanzu." Na ce a'a, don Allah. Ta ce, "Mi zan yi da shi?" Sai ta kira a kawo mini fura, wai na sha hanya.

Na sha furar. Ban san yadda ta wuce ba.

Litinin, 26 ga Maris

Jummai ta tambaya ko tsohuwa ta ji daɗin wankin. Na fita daga buro, ofishin malamai.

Lahadi, 1 ga Afrilu

An ba da hutu. Da Yamai na yi niyya, amma kuɗin mota, zafi, kaza da kaza. Ina Dogarawa tun jiya. Ba wani abu ba ne, nan ya fi iska.

Tsohuwar nan akwai wahalarwa. Ka tambaye ta abu ɗaya ta bi da kai ta gonar wani da rijiyar wani. Tun hantsi nake zaune bakin tabarmarta tana tsinkar zogale, na cika shafi shida na kaye, littafin rubutun da na sayo don shirin darasi: irin kitson innarta, turaren da take haɗawa, yadda take dariya tana rufe baki da gefen zane. Rabin kalmomin ban san yadda ake rubuta su ba, in na sake tambaya ta ce lakwal ta cinye mini kunne.

Can na tsaya da rubutu, bik a hannu. Na ce, "Kaka, wai mi ne sunanta?"

Ta ce ba a faɗin sunan uwa haka a tsakar gida kamar ana kiran akuya. Ta yi ta faɗa. Sannan ta jawo kaina ta raɗa mini a kunne.

Hindu. Shekarata ashirin da bakwai, yau na fara ji.

Ta ce gobe in tashi da wuri, akwai saura.