Dami Huɗu a Barandar Salim

Lyon, 9 ga Mayu 2007

Zuwa ga 'yata Kadidiatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Paris, ya karatu? Mai masaukina Salim da matarsa Husainatu suna gaishe ki.

Tun ina Maradi na ji ana cewa Nasara na shuka ciyawa da gangan, har su yi mata ban ruwa. Na ce wannan hirar 'yan tasha ce. To, jiya na je lambun unguwa da makullin da kika bar mini don ban ruwa. Fegin kowa tumatir da salak, naki kuwa ciyawa har gwiwa, sai ka ce mai shi ya rasu. Kunya ta kama ni. Na ari hauya na nome rabi.

Sai wata tsohuwar Baturiya ta dafe kai tana ta "O la la". Tun lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Ko akwai abin da ban sani ba?

Kawunki,
Illiassou

Paris, 12 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kada ka taɓa sauran rabin!

Ni na shuka ta. Furannin daji ne na ƙasar nan, ƙwaya ƙwaya na tsinto irinsu a makiyaya. Malam-buɗe-littafi ba ya ƙwai sai a kansu. Shekara uku ke nan ina bin tsutsotsinsa, su ne aikin babban digirina na doktora gaba ɗaya. Malamina zai zo dubawa ranar 4 ga Yuni. In babu tsutsa, shekarar nan ta tafi, ni kuma takardar zamana ta ɗaliba ce.

Da saiwa ka tumɓuke ko sara ka yi? Ina ka zuba ciyawar? Kawu, ka ce mini ba ka ƙone ta ba.

Laifina ne, ban yi maka bayani ba.

'Yarka,
Kadidiatou

Lyon, 16 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa da ban haƙuri.

Ƙonewa? Ɗan Maradi ya ƙone ɗanyar ciyawa? Dami huɗu na ɗaure na kai barandar Salim, saboda rago. Sai da na ajiye na tuna ba mu da rago. Husainatu ce ta gano tsutsotsinki, ihunta har ƙasan bene. Ta ɗauko maganin ƙwari, na tare ƙofa da jikina.

Na mai da dammunan lambu cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, kowa na matsawa. Na shimfiɗa su jikin rabin da ya tsira. Wasu tsutsotsin sun hau, wasu ba sa motsi. Ban san ko za su ishi malaminki ba.

Sara na yi, gwiwata ba ta kai tumɓuka ba. Mutanen lambu sun ce saiwar za ta tofo kafin Yuni. Na ƙarshen da ya gaya mini haka Nouhou ne, mai fegin kusa da naki. Sai dai ki sani, shi ya ara mini hauyar.

Allah ya sa mu ji alheri.

Kawunki,
Illiassou