Wa Ke Riƙe Maka Igiya?

Zuwa ga ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a can Malesiya. Allah ya ƙara basira. Mu nan ƙauye lafiya lau, an gama yankan gero, dawa ce ta rage, wake kuma bana sai godiya.

Dalilin takardar nan, mahaifiyarka Hure ta zo mini da hotunan da ka turo a wayar yayarka Aina'u. Wai ka shiga koyon nutso cikin kogunan dutse da ke ƙarƙashin ruwa, don nishaɗi kawai, kana neman izininta. Ta ce ba za ta ce komai ba sai ni na duba, tunda na shekara talatin ina haƙar rijiya. To, da tsohuwar zuma ake magani.

Na duba, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya burge ni. Tukunyar iska biyu a baya, tocila har uku, da wasu takalma kamar ƙafar agwagwa! Aina'u ta karanta mini cewa malaminku ya fara da ku a ruwa marar zurfi, har yana rufe muku ido ku bi zare da lalube. Iskar kuma kashi uku kuke yi mata, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda ya tsara wannan ya san ramin ƙasa. Mu fitilar ƙwai muke zurawa, in ta mutu ba mai sauka. Amma gaya mini, yaya kuke magana baki a toshe? Akwai kifi a wannan duhun? Me yake ci?

Zaren ne ya tsaya mini a rai. Na ɗauka wani ke riƙe da shi a waje, in ka girgiza ya jawo ka. Ashe a dutse kuke ɗaure shi. Marigayi babanka ya riƙe mini igiya shekara ashirin da biyu, ko hannu aka miƙo masa ba ya saki ya gaisa. Dutse kuwa bai san sunanka ba.

Na gaya wa Hure gaskiya, cewa kayanku sun fi namu nesa ba kusa ba, wannan gurbin kaɗai na gani. Ta ce ta yarda, da sharaɗi guda. Kar ka wuce inda malaminka ya tsayar da kai, kuma duk ranar da za ka shiga ka gaya mata lokacin. Za ta zauna a kan darduma, ba za ta tashi ba sai ta ji muryarka. Kar ka bar ta da igiya a hannu, Ikrima. Kana fitowa, tun kafin ka goge jiki, ka kira.

Aina'u da mijinta Kamaruddeen suna gaishe ka, haka Gwaggo Rukayya. Ka gaida malamin naka, ka ce tsohon mahaƙi ya jinjina masa.

Baffanka,
Muntaka Mai Rijiya