Baitin Da Aka Cire

Withington, Manchester

Baba Gimba,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya sanyi? Ka yi haƙuri da karambanin rubuto maka alhali ba ka san ni ba. Sunana Widad, 'yar Dakta Taufiq. Abba ya ce kai ne kake kaɗa wa marigayi Jabez kalangu in yana karanta waƙoƙinsa.

Makarantarmu za ta yi taron watan tarihin baƙar fata, an zaɓe ni in karanta waƙarsa. Amma malamarmu ta cire baitin yaron da aka daka a motar 'yan sanda, wai zai ɓata wa iyaye rai. Hoton da aka manna a bango ma ba na Jabez ba ne. Da na gaya mata, ta ce ai sun yi kama.

In karanta a haka, ko in janye?

'Yarka,
Widad

Birmingham

Widad,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, ban da gwiwa. Ki gaida Dakta.

Wannan ƙazantar ba yau aka fara ba. Jabez yana raye sun hana shi dandali, ya mutu sun mai da shi hoton kalanda. Wani gidan rediyo ma ya taɓa hana shi wannan baitin. Da ya zo wurin baitin, sai ya yi shiru daidai tsawonsa, ni kuma ina kiɗa. Masu sauraro da kansu suka cike a gidajensu. Kar ki janye.

Allah ya yi miki albarka.
Gimba

Withington, Manchester

Baba,

Barka da war haka. Na yi yadda Jabez ya yi. Da na zo wurin na tsaya, na ɗaga kai, na yi shiru daidai tsawon baitin.

Ba wanda ya cike, don ba wanda ya san shi. Malamar ta raɗa min layi na gaba, ta zaci na manta. Aka yi min tafi. Shugaban makaranta ya ce a sake tafawa, wai ga yarinya mai kunya ta yi ƙoƙari. Suka fita cin biskit a ƙarƙashin hoton mutumin da ba Jabez ba.

Shirunsa ya yi magana ne don mutane sun riga sun ji shi. Ni ba su taɓa jin muryata ba. Za a maimaita taron saboda 'yan ƙananan aji, kuma da baki zan faɗi baitin. Sai dai ban san inda Jabez yake ɗaga murya a cikinsa ba.

In ba takura, ka yarda in sake rubuto maka?

'Yarka,
Widad