Tekun da Ba a Sha

Abijan, daren Lahadi.

Ƙafafuna ciwo suke, kuma Hadiza ce ta jawo. Jiya ta aiko saƙon murya daga Tajaye, wai mushen lakwal, wato malaminsu, ya ce kowa ya kawo labarin wata ƙasar Afirka, ita ta zaɓi Kwaddibuwa tunda babanta na can. "Baba, ka ga giwa? Ka ga zinariya? Teku fa?"

Me zan ce wa ɗiyata? Giwa a rigar 'yan ƙwallo kawai nake ganinta. Zinariya tana can ƙarƙashin ƙasa, ba ta san mai tura baro ba. Garin nan ya cinye ƙarfina, ko da yake, tsakani da Allah, mutanensa ba su taɓa hana ni abinci ba. Amma a ce gobe ta tashi gaban aji hannu wofi? A'a.

Na bar kasuwa na taka da ƙafa har bakin teku, karon farko tun zuwana. La'asar ta same ni can, na ɗebo ruwa zan yi alwala, ina kurkure baki na tofar. Gishiri zalla! Masunta suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Na ɗaukar wa Hadiza ƙarar ruwan a waya, na faɗa mata komai. Ta maido saƙon murya, ta ce, "Duk ruwan nan ba a sha? Allah sarki. Baba, ka dawo gida, rijiyarmu ta cika bana."

Na yi ta sauraren saƙon har batir ya mutu.