Barewa Ta Cinye Hayarmu

12 ga Yuni

Maigida Ambrose,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar? Ina fata likitoci sun bar ka ka fara takawa. Ni jikina lau, raina ne a ɓace.

Barewa ta shigo lambun Babban Gida. Ta wuce shuɗayen furannin bakin tafki, ta wuce ciyawa, wardinmu na jikin garu kaɗai ya yi mata. Ka fi ni sanin sharaɗin da kakanninka suka ƙulla da masu gidan: jan wardi ɗaya daga wannan itacen, ranar ashirin da huɗu ga Yuni, shi ne hayar ɗan gidanmu na bakin ƙofa. Shekara ɗari biyu ba a taɓa fashi ba. Ga sabon magajin, Mista Peverell, ya ƙyalla ido yana son mai da gidanmu wurin sayar wa baƙi shayi. Jiya ya daɗe tsaye gaban itacen, har da murmushi.

Taka,
Hester

19 ga Yuni

Ambrose,

Gaisuwa a taƙaice, ban ga ka cancanci doguwa ba.

Na gano inda take shigowa. Bayan tulin taki akwai kafa a shinge, an yanke ta tsaf da almakashi, ga guntayen tuffa a ƙasa. Na san yankanka. Ashe tuffar da nake cusa maka a aljihu duk hunturu, baiwar Allahn nan kake kai wa? To, ta zo godiya, har da 'ya'ya biyu. Na toshe kafar, suka tsallako ta sama. Na rataya tsohuwar rigarka don su tsorata, suka kwanta a inuwarta. Ko toho ɗaya ba su bari ba inda hannu yake kaiwa.

Shekararmu arba'in a gidan nan. Tsoro nake ji, ban san inda za mu kai tsufanmu ba.

Hester

25 ga Yuni

Maigida,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ya jiki. Kwantar da hankalinka, gida yana hannunmu.

Ka tuna reshen da ya haye saman garu, wanda na shekara uku ina mita ka sare? Shi ya yi fure, guda ɗaya tak, ja wur. Jiya, ranar biyan haya, na ɗauko tsaninka, wanda shi ma tun bara kake cewa za ka gyara. Hawan ya yi kyau. Saukowar ce ba ni na tsara ta ba, amma ban saki furen ba. Da masu motar asibiti suka ɗauke ni, na ce ba inda za ni sai sun biya da ni ƙofar Babban Gida. Daga kwance na miƙa wa Mista Peverell a gaban shaidu biyu, ya karɓa kamar an ba shi garwashi.

Kada ka aika amsa gida. Ina asibitinku, a ɗakin da ke ƙasan naka, ƙafa a ɗaure. Tunda kai ka fara takawa, sai ka sauko. Kuma kada ka kuskura ka tambaye ni lafiyar barewa.

Taka har kullum,
Hester