Wai Littafi Ya Shanye Ni

Zuwa ga Yayata Hajara a Kafancan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa ƙanwarki ta zama abin kallo a Unguwar Rogo. Wai an shanye ni.

Kin san Baba ba ya jin Turanci. Ranar da ya kai ɗinkin riguna makarantarmu, malamarmu Baturiya ta nuno ni ta taga, ta ce masa kullum ina absorbed a littafi. Yabo ne fa, Yaya, har murmushi take yi. Baba ya riƙo kalmar a bakinsa har unguwa, bai kai wa kowa ba sai Malam Sule, mai wanke gyambo a asibitin 'yan haƙar kuza. Kin tuna shi ai, mai jera alƙaluma a aljihu don a ce masa likita.

Shi kuwa bai taɓa gamuwa da kalmar ba sai a jikin ƙunshin auduga. Ya gyara zama, ya ce ma'anarta shanyewa, yadda auduga ke shanye mugunya. Iyakar iliminsa ke nan, mugunya. Kafin la'asar zance ya kai bakin famfo: Baturiya da bakinta ta ce littafi ya shanye 'yar tela.

Da kin ga Gwaggo Asabe. Matar da ke zama gaban mai tallan atamfa har tuwonta ya ƙone, ita ce ke cewa dama ta lura idona ya sauya. An turara ni da hayaƙi har na yi tari. Ni kuma kin san ni, bakina mutuwa yake a gaban manya. Na sunkuyar da kai, suka ce ga alama nan.

Da sun tambaye ni, da na ce kalmar tana da fuska biyu. Auduga takan sha ruwa, gaskiya ne. Amma in mutum aka faɗa wa, nutsewa ake nufi, hankali ya tattaru wuri guda har a kira ka ba ka ji ba. Baba kansa haka yake in yana aikin wuyan babbar riga, ba wanda ya taɓa kawo masa garwashi.

Yanzu ya ɗaure akwatin littattafan da kika bar mini, na soyayyar nan da matan Turawa suka zubar da za su koma gida. Ya ce in an dawo daga hutu ba zan koma makaranta ba, akwatin kuma wuta. Ina tsakiyar karanta ɗaya, ko jirgin saurayin da ke cikin labarin bai iso ba.

Kin tuna zamanmu a bakin kududdufin Naraguta, kina karanta mini, sanyi na cizon yatsunmu? Kikan taɓa kafaɗata ki ce, “Binta, fito haka nan, kin nutse.” Ba ki taɓa jin tsorona ba.

Maganarki kaɗai Baba ke ji. Ki hau jirgi ki zo kafin a buɗe makaranta, ki faɗa masa da Hausar da Malam Sule ya kasa.

Allah Ya kawo mini ke lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baba. In kuwa wannan ce shanyewa, Allah kada Ya ba ni lafiya.

Taki har kullum,
Binta